Furen Rana: Matakan Girmansa Daga Tsiro Zuwa Girbi

Furen rana, wanda 'yan kasuwa da wasu manoma suka fi sani da sanfulawa, shuka ce ta shekara guda da ke kammala rayuwarta cikin kwana 90 zuwa 125, gwargwadon iri da yanayin wurin da aka shuka ta. Daga cikin waɗannan kwanaki, furen nan rawaya da aka san shukar da shi bai fi ya yi mako guda zuwa kwana 10 a buɗe ba. Duk da haka shi ne ido ke kamawa, har mutane da yawa na zaton a wannan makon ne ake samun amfani ko a rasa shi. Alhali kuwa yawan ƙwayar da kan furen zai iya ɗauka an riga an ƙayyade shi makonni kafin wani rawaya ya bayyana a gona, nauyin ƙwayar da man da ke cikinta kuma ba sa samuwa sai bayan furen ya yanƙwane. Manomin da bai iya gane matakin da shukarsa take ciki ba yakan zuba taki bayan lokacinsa ya wuce, ya yi feshi ranar da bai kamata ba, ko ya yanke kai tun ƙwaya ba ta gama cika ba.

Asalin shukar Arewacin Amurka ne, inda 'yan asalin nahiyar suka mayar da ita amfanin gona shekaru kusan 4,000 da suka wuce. Turawan Sifen ne suka kai ta Turai a ƙarni na 16, ta kuma daɗe a can a matsayin furen ado a lambuna. A Rasha ta zama shukar mai. Masanin iri Vasili Pustovoit, wanda ya yi aiki a Krasnodar a ƙarni na 20, ya ɗaga yawan man da ke cikin ƙwayar daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa kusan kashi 50. A 1969 wani masani Bafaranshe, Patrice Leclercq, ya gano hanyar da ta sauƙaƙa samar da iri mai aure, irin da yawancin manyan gonakin duniya ke shukawa a yau. Man furen rana shi ne na huɗu a jerin man girki na duniya, bayan manja da man waken soya da man kanola. Rasha da Yukren ke noma fiye da rabin abin da duniya ke samarwa, shi ya sa yaƙin da ya ɓarke tsakaninsu a Fabrairun 2022 ya girgiza farashin man girki har a ƙasashen da ba su taɓa shuka shi ba. A Afirka, Tanzaniya, musamman yankunan Singida da Dodoma, da Afirka ta Kudu su ne kan gaba. A Najeriya nomansa bai bunƙasa ba tukuna, amma yana cikin amfanin gonar da aka ɗora wa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, alhakin ingantawa, cibiyar kuma ta fitar da nau'o'in da ake kira SAMSUN.

Yadda ake ƙirga matakan

Tsarin da malaman gona da kamfanonin iri suka fi amfani da shi na wasu masana biyu ne, A. A. Schneiter da J. F. Miller, waɗanda suka wallafa shi a 1981 daga jihar Dakota ta Arewa a Amurka. Sun raba rayuwar shukar gida biyu. Kashi na farko, mai harafin V, lokacin girman jiki ne, wato saiwa da kara da ganye. Na biyu, mai harafin R, lokacin haihuwa ne, daga fitowar toho zuwa nunar ƙwaya, shi kuma an kasa shi daga R1 zuwa R9. Duk wanda ya karanta takardar da ke jikin kwalbar maganin ciyawa ko buhun iri na furen rana zai ci karo da waɗannan haruffa, don haka saninsu ba aikin masana kaɗai ba ne.

Dalilin da ya sa aka fi dogara da siffar shuka a kan ƙirgen kwanaki shi ne, zafi ne ke tafiyar da girmanta. Ƙasa da kimanin digiri 7 a ma'aunin Salshiyas girma yakan tsaya, sama da haka kuma kowace rana mai ɗumi tana tura shukar gaba. A Dakota ta Arewa toho yakan fito bayan kimanin kwana 45 da shuka, fure ya buɗe bayan kwana 70 da 'yan kai, ƙwaya ta nuna a kusan kwana 120. A ƙasashe masu zafi irin namu, iri ɗaya zai iya riga wannan lissafi da mako biyu ko uku a damina, ya kuma yi jinkiri idan an shuka shi cikin sanyin hunturu. Ba a yanke hukunci a kan gona da shuka ɗaya ko biyu da ke bakin hanya. Sai an shiga ciki, an duba wurare daban-daban, an ɗauki matakin da mafi yawan shukokin suke.

Tsiro

Ana binne ƙwayar a zurfin santimita 4 zuwa 6 cikin ƙasa mai danshi. Saiwa ce ke fara fitowa ta nufi ƙasa, sannan ɗan kara ya lanƙwashe kamar ƙugiya ya huda ƙasa, yana janyo ganyaye biyu masu kauri da suka fito daga cikin ƙwayar. Yadda wake ke tsira ke nan, ba yadda masara ko dawa ke yi ba. Cikin kwana 5 zuwa 10 tsiron yakan bayyana, wannan shi ne matakin VE. Waɗannan ganyaye biyu ba ganyen gaskiya ba ne, guzurin da ƙwayar ta zo da shi ne, don haka ba a sa su cikin ƙirge.

Wannan salon tsiro yana da hatsari biyu. Idan ruwa mai ƙarfi ya daki ƙasa bayan shuka, rana ta biyo baya ta busar da samanta ya yi ɓawo, ƙugiyar takan karye wajen ƙoƙarin fitowa. Haka ma idan an zurfafa shuka fiye da santimita 7 ko 8. Na biyu kuwa, idon girman furen rana a saman ƙasa yake tun ranar farko. Masara na ɓoye nata a ƙarƙashin ƙasa har sai ta yi ganye biyar ko shida, shi ya sa ko akuya ta cinye samanta takan sake tohowa. Furen rana idan tsutsa ko ɓera ko tsuntsu ya datse shi a ƙasan ganyayen nan biyu, ya mutu ke nan.

Kuma ba ya yin 'ya'ya kamar gero. Nau'in da ake nomawa don mai kara ɗaya ne, kai ɗaya. Inda tsiro ya mutu gurbi ne zai zauna har kaka, ko da yake maƙwabtansa kan ɗan faɗaɗa kawunansu su rage asarar. Tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da 25 tsakanin shuka da shuka, tana ba da shukoki kimanin 53,000 a hekta. Wanda ya zuba ƙwaya biyu ko uku a rami sai ya yi cira cikin mako na biyu, ya bar ɗaya. Barin biyu a rami ɗaya kawuna biyu ƙanana yake haifarwa, a kan karare sirara da iska ke kayarwa.

Lokacin ganye

Daga nan sai ƙirgen ganye. Duk ganyen gaskiya da ya kai tsawon santimita 4 ana ƙirga shi: ganye huɗu V4 ke nan, takwas V8, har zuwa fitowar toho. Ganyayen farko bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, daga baya su koma ɗai-ɗai suna zagaye kara. Shuka takan yi ganye 20 zuwa 40 gwargwadon iri. Idan na ƙasa sun bushe sun zube, tabon da suka bari a jikin kara shi ake ƙirgawa a madadinsu.

A makonnin farko mai kallo zai ce shukar ba ta da kuzari, don abin da ke sama kaɗan ne. Aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. Uwar saiwa tana nutsawa da sauri, a ƙasa mai laushi takan kai zurfin mita biyu, yayin da ƙananan saiwoyi ke bazuwa kusa da sama. Wannan doguwar saiwa ce ke sa furen rana ya jure ɗan tsaikon ruwa fiye da masara, don yana ɗebo danshi daga inda masara ba ta isa. Amma juriyar tana da sharaɗi. Idan saiwar ta tarar da dandagaryar ƙasa a ƙarƙashin huɗa, sai ta lanƙwashe ta bi gefe, shukar ta zama mai saurin jin ƙishi da saurin faɗuwa. Ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta kuwa ba ta dace da shi ba sam.

Saboda wannan jinkiri na sama, makonni huɗu zuwa shida na farko su ne lokacin da ciyawa ta fi yi masa illa. Da sanyin safiya ake kama fara: noman fari da maimai duk su kammala kafin ganye ya rufe kunya. Da zarar ya rufe, inuwar manyan ganyayen nan ita ke kashe ciyawa da kanta.

Abu mafi muhimmanci a wannan lokaci ba ya ganuwa. Tun shukar tana da ganye takwas zuwa 12 ko makamancin haka, idon girman da ke can tsakiyar ganyaye yake daina ƙirƙirar sabon ganye, ya faɗaɗa ya zama ɗan ƙaramin faifai, a kansa kuma a fara jera gurbin furannin da za su zama ƙwaya. Shukar da ke fama da yunwa ko ƙishi ko ciyawa a waɗannan kwanaki gurbi kaɗan za ta jera, kuma babu takin da zai ƙara mata wani daga baya. Saboda haka ne malaman gona ke cewa a sa takin NPK lokacin shuka ko jim kaɗan bayan tsiro, a bi da yuriya a mako na huɗu zuwa na biyar, kafin toho ya fito. Yuriyar da aka zuba lokacin fure ba ta ƙara yawan ƙwaya, idan ta yi yawa ma rage kason mai take yi, ta jinkirta nuna, ta kuma sa kara ya yi tsawo ya yi taushi.

Toho, da bin rana

A matakin R1, idan aka leƙa shukar daga sama za a ga wani ɗan dunƙule kore mai tsinaye kamar tauraro a maimakon sabon ganye. Wannan shi ne toho. R2 da R3 tsawon wuya ne ya bambanta su: idan tohon ya ɗaga daga ganyen da ke kusa da shi da rabin santimita zuwa santimita 2, R2 ne, idan ya wuce santimita 2, R3. A R4 tohon yana fara buɗe baki, ana hango rawaya a ciki. Daga R1 zuwa R4 yakan ɗauki makonni uku ko fiye, kuma a nan ne kara ke miƙewa da sauri har ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Nau'o'in ado sukan wuce haka nesa: a Jamus a 2014 an auna wani da ya kai mita 9.17.

Gwaje-gwajen da aka yi na cire wa shukar ganye don auna ɓarnar ƙanƙara sun nuna cewa asarar ganye a wajen R3 ce ta fi rage amfani. Abin lura ne ga waɗanda suka saba zagar ganyen dawa don dabbobi. Ganyen furen rana, musamman na rabin sama, shi ne ke ciyar da kai, ba na taɓawa ba ne. A wannan lokaci kuma ƙarancin sinadarin boron ke bayyana, wanda furen rana ya fi yawancin amfanin gona buƙata, kuma ƙasa mai rairayi ta fi rasa shi. Alamominsa su ne ganyen sama ya yi tauri ya ƙone, kai ya fito a karkace, wani lokaci ma wuya ya tsage kamar an yanka da wuƙa, kan ya faɗi.

A waɗannan makonni ne shukar ke yin abin da ya ba ta suna. Da asuba tohon na fuskantar gabas, ya bi rana har yamma, da dare ya juyo ya jira ta. Wani bincike da Stacey Harmer da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa a 2016 ya bayyana yadda abin ke faruwa. Da rana gefen gabas na kara ne ya fi girma, sai ya tura kan zuwa yamma. Da dare gefen yamma ne ke girma, ya mayar da shi gabas. Agogon da ke cikin jikin shukar ne ke tsara wannan, shi ya sa take juyowa tun rana ba ta fito ba. Tunda girman kara ne ke kawo juyin, idan kara ya gama girma juyi ya ƙare. Furen da ya buɗe ba ya bin rana, duk da abin da aka saba faɗa. Gabas yake fuskanta ya tsaya. Binciken ya nuna hikimar hakan: kan da ke kallon gabas ya fi saurin ɗumi da safe, ƙwarin da ke ziyartarsa kuma sun ninka na wanda aka juya yamma har sau biyar.

Makon fure

Abin da ake kira fure ɗaya a zahiri taron furanni ne. Rawayen da ke kewaye da baki ba sa haihuwa, aikinsu kiran ƙwari. Masu haihuwar su ne ƙananan da suka cika faifan, waɗanda a nau'in mai sukan kai 1,000 zuwa 2,000, kowanne kuma ƙwaya ɗaya yake bayarwa. A jere suke cikin layuka masu murɗawa, wasu dama wasu hagu, kuma wanda ya yi haƙurin ƙirga layukan galibi zai sami 34 da 55, ko 55 da 89, lambobin da malaman lissafi suka sani da jerin Fibonacci. Wannan tsari ne ke ba da damar cusa ƙwaya mafi yawa a faifai ba tare da ɓata wuri ba.

Buɗewar furannin ciki shi ne matakin R5. Daga baki suke farawa su nufi tsakiya, zobe ɗaya zuwa huɗu a kowace rana, har su gama cikin kwana 5 zuwa 10. Ana rubuta ci gaban da lamba: R5.1 na nufin kashi 10 cikin 100 na faifan ya buɗe, R5.5 rabi. Kowane ɗan fure yakan fara fitar da garinsa, irin bununin da muka sani a jikin masara da dawa, sai daga baya sashen mace ya fito ya buɗe. Garin furen rana kuwa yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa kamar na masara. Ƙudan zuma ne ke yin jigilar. Sababbin nau'o'i masu aure suna iya yi wa kansu barbara da yawa, amma tsofaffin nau'o'i sun dogara ƙwarai da ƙwari, kuma ko a sababbin zuwan zuma yana ƙara cikar kai. Shi ya sa a ƙasashen da suka ci gaba a nomansa ake kai amya gona lokacin fure. Ga manomin da ke kusa da masu kiwon zuma, wannan ciniki ne da kowa ke ci.

A nan ne feshin ganganci ke yin ɓarna. Tsutsar nan da ke cin ƙwallon auduga da tumatir tana hawa kan furen rana, manomi kuma ya ɗauko maganin ƙwari da hantsi, daidai lokacin da zuma suka cika gona. Sakamakon shi ne kai mai faɗi da ƙwaya holoƙo. Idan feshi ya zama dole, gara a yi shi kafin fure ya buɗe, ko da yamma liƙis bayan zuma sun koma.

Ruwa ma a nan ya fi tsada. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta buƙatar shukar da milimita 600 zuwa 1,000 a tsawon rayuwarta, amma ba daidai ake rabon ba. Kimanin kwana 20 kafin fure da kwana 20 bayansa su ne lokacin da ƙishi ya fi illa. Mai noman rani da ruwansa bai wadata ba, gara ya ɗan tsuke a lokacin ganye ya tanada domin waɗannan kwanaki. Zafin da ya haura digiri 35 shi ma yana raunana garin fure. Yawan ruwan sama kuma nasa laifin daban: yana wanke gari, yana hana zuma fita. Furannin tsakiya, da yake su ne na ƙarshen buɗewa, su ke fara biyan kuɗin kowace matsala, don haka tsakiyar kai ita ce wurin da ya kamata a fara dubawa idan ana son sanin yadda makon fure ya kasance.

Cikar ƙwaya da nuna

Idan furannin ciki sun gama, rawayen baki suka fara yanƙwanewa, an shiga R6. Gona ta rasa kyanta, masu ɗaukar hoto sun tafi, amma yanzu ne ake tara abin da za a sayar. Ɓawon ƙwayar ne ke fara kai cikakken girmansa, tsabar ciki ta biyo baya a hankali, mai kuma ya taru a makonnin da ke biye. Don haka girman ɓawo ba shaida ba ne, sai an fasa an gani. Tsananin zafi da ƙishi a wannan lokaci suna rage nauyin tsaba da yawan mai. Cututtukan ganye, kamar tsatsa da ɗige-ɗigen da laima ke kawowa, idan suka ƙone ganyen sama da wuri, illarsu ɗaya da ta fari.

Daga nan fuskar kan ba ta ƙara faɗa wa manomi kome ba, ƙeyarsa ake dubawa. Nauyin ƙwaya yakan sa kan ya sunkuya, bayan nasa ya koma sama. A R7 ƙeyar tana fara sauyawa daga kore zuwa rawaya mai haske. A R8 ta zama rawaya sosai, amma ganyayen nan masu tsini da ke kewaye da bakin kai suna nan kore. A R9 su ma sun zama rawaya, sun fara komawa ruwan ƙasa. Wannan ne matakin nuna: ƙwaya ta gama karɓar abinci daga uwa, nauyinta da manta ba za su ƙaru ba. Daga ƙarshen fure zuwa nan yakan ɗauki kwana 30 zuwa 40. A duba kai mai lafiya, don cuta takan sa ƙeya ta yi duhu tun lokaci bai yi ba, ta yaudari mai dubawa. Yanke kai a R7 saboda tsoron tsuntsaye ko matsin kuɗi asara ce da ba a gani sai a kan sikeli da wurin matsar mai.

Tsoron tsuntsayen dai ba na banza ba ne. Daga lokacin da tsaba ta fara tauri, jan-baki da kurciya da sauransu sukan sauka, kuma ƙaramar gona ita kaɗai a cikin unguwa ita ta fi shan wahala, don duk tsuntsayen yankin a kanta suke taruwa. Manoman da suka haɗa kai suka shuka a lokaci ɗaya suna raba ɓarnar a tsakaninsu. Raunin da tsuntsu ko tsutsa ko ƙanƙara ta yi wa kai kuma shi ne ƙofar ruɓa. Ƙeyar kan tana da taushi kamar soso, ga ta kuma a buɗe tana kallon sama, idan ruwa ya ci gaba da sauka sai ta jiƙe ta ruɓe, ƙwaya ta zube ko manta ya lalace.

Wannan ne ya sa ranar shuka daga baya ake lissafo ta. Abin da ake nema shi ne fure da farkon cikar ƙwaya su sami ruwa, nuna kuma ta faɗo a lokacin da sama ta ɗauke. A ɗauki iri mai kwana 100 a yankin Zariya, inda damina kan janye a farkon Oktoba. Wanda ya shuka da ruwan farko a ƙarshen Mayu, furensa zai buɗe a bakin marka, kansa ya nuna a farkon Satumba cikin ruwa. Wanda ya jira zuwa makonnin farko na Yuli, furensa zai buɗe a Satumba, doguwar saiwa ta ƙarasa cika ƙwaya da danshin da ya rage a ƙasa, ya yi girbi a busasshiyar iskar kaka. Can arewa inda damina gajera ce babu wannan sararin jira, sai a shuka da zarar ruwa ya zauna. A jihohin tsakiya da kudu kuwa, inda ruwa ke kaiwa ƙarshen Oktoba ko ya wuce, shukar ƙarshen damina ta fi dacewa. Da yake yawancin nau'o'in da ake nomawa ba su damu sosai da tsawon yini ba, saɓanin dawar gargajiya da ke jiran lokacinta, ana iya noma shi da rani, muddin an lissafa yadda fure ba zai faɗa cikin zafin Maris da Afrilu ba.

Girbi da ajiya

Nuna daban, bushewa daban. A R9 ƙwayar na ɗauke da danshi kashi 30 zuwa 40 cikin 100, wanda ya yi yawa ƙwarai ga buhu. Masu girbi da inji sukan jira ta bushe a tsaye. Mai girbi da hannu ba sai ya jira ba: yana iya yanke kawunan da lauje da zarar ƙeya ta fara komawa ruwan ƙasa, ya tsere wa tsuntsaye, ya shanya su a kan tamfol ko daɓe fuska sama, ba a tsibe ba, don tsibi zafi yake ɗauka. Idan busassun furannin da ke fuskar suna zuba da shafar hannu, ƙwaya kuma tana ɓallewa cikin sauƙi, sai a buga da sanda, a sheƙe, a ƙara shanyawa. Jinkirin girbi bayan kai ya bushe ƙarau shi ma asara ne, don ƙwaya takan zube, kara ya karye, gara ta hau.

Kada a ɗura a buhu sai danshi ya sauko ƙasa da kashi 10, ga ajiya mai tsawo a wuri mai zafi kuma kashi 8 ya fi aminci. Ƙwayar da ta bushe yadda ya kamata ƙaras take karyewa a haƙori. Wadda aka ajiye da laima manta yakan yi ɗaci, fumfuna ta kama ta, har da irin mai gubar aflatoksin da ke addabar gyaɗa da masara, gubar kuma tana bin tunkuzar da ake ba kaji da shanu bayan an matse mai.

Wanda ke son ajiye iri ya san abu biyu. Sabuwar ƙwaya tana yin wani irin barci na makonni da dama bayan girbi, idan aka shuka ta nan take tsironta ba zai yi kyau ba, don haka irin da aka girbe a Oktoba sai an gwada kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma kafin a kai shi fadama a Nuwamba. Sannan iri mai aure ba a maimaita shi: 'ya'yansa sukan fito barkatai, wasu dogaye wasu gajeru, wasu da rassa da ƙananan kawuna, kowanne da ranar furensa. Nau'o'in da ba na aure ba ne ake iya ajiyewa, a zaɓo daga manyan kawuna masu lafiya da ke tsakiyar gona. Gonar kanta a hutar da ita daga furen rana shekara uku ko huɗu, a sa hatsi a tsakani, saboda cututtukan da ke kwana a ƙasa da kuma danshin da doguwar saiwarsa ta zuƙe.